Harajin Kuɗin Shiga: Wa Ke Ɗauke da Nauyin?

  Gaisuwa ga mutanen Dayi da kewaye, da na Malumfashi, Ƙafur, Bakori, har zuwa Funtuwa. Wanda ke gona, sannu da aiki. Wadda ke tsakar gida tana girki da rediyo a gefe, sannu da hidima.

Yau zancen haraji za mu yi. Na san da an ambaci haraji sai gaban wasu ya faɗi. A kwantar da hankali, a ƙaro murya kaɗan. Harajin da za mu tattauna shi ne harajin kuɗin shiga, wato abin da hukuma ke karɓa daga cikin abin da mutum ya samu a shekara, albashi ne ko ribar sana'a. Tambayarmu ɗaya ce. Wa ke biya, kuma nawa yake biya? Za mu fara leƙa yadda ake yi a da. Daga nan mu zo kan dokar da ake aiki da ita yanzu. Sai mu ɗauki alƙalami mu yi lissafi tare.

To, bari mu fara da na da.

Dattawanmu ba su manta da zamanin En'e ba, wato hukumar gargajiya. Bayan Turawa sun ci ƙasar nan a 1903, ba su rushe harajin da suka tarar ba. Gyara shi suka yi, suka ce da tsabar kuɗi za a riƙa biya. A yanka wa gari adadinsa. Hakimi ya sauke wa dagaci, dagaci ya sauke wa mai unguwa, mai unguwa ya bi gida-gida yana ƙirga mazan da suka balaga. Makiyayi kuma ya biya jangali bisa yawan shanunsa. Da kaka ake karɓa, daidai lokacin da kasuwar auduga ke ci. Kun ga ashe ba banza ba auduga ta mamaye gonakin ƙasar Funtuwa da Malumfashi. Mai neman kuɗin haraji dole ya shuka abin da zai kai sikeli a ba shi tsaba.

Abin da ya sa wancan haraji ya yi ɗaci shi ne kusan kuɗi ɗaya ake ɗora wa kowa. Mai rumbu goma da wanda hatsinsa ba ya kai shi bazara, tazarar abin da suke biya ba ta taka kara ta karya ba. Wani ya sayar da akuyar matarsa. Wani ya bar gari da dare. Shi ya sa jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta daɗe tana yaƙi da shi. A 1979, da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya hau gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, ya soke haraji da jangali, kamar yadda Alhaji Abubakar Rimi ya yi a Kano. A lokacin nan mu ma 'yan Jihar Kaduna ne, don sai 1987 aka yanke Jihar Katsina.

Ku riƙe wannan: wancan haraji na da, kan mutum yake ƙirgawa. Harajin kuɗin shiga kuwa samun mutum yake dubawa.

Yanzu sai kashi na biyu, dokar yau.

A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji. Sun fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Dokar ta raba kuɗin da mutum ke samu a shekara zuwa mataki shida. Kowane mataki da kasonsa.

Ga yadda za ku gane shi cikin sauƙi. Ku ɗauka an jera kwanuka shida a tsakar gida, kana zuba hatsin da ka samu a shekara. Sai kwanon farko ya cika sannan ka zuba a na biyu. Sai na biyu ya cika sannan ka wuce na uku. Kowane kwano da abin da ake ɗiba a cikinsa.

Kwanon farko yana cin naira 800,000. Ba a ɗibar ko ƙwaya a cikinsa. In sake faɗa: naira 800,000 ta farko a shekara, babu haraji a kanta, ko kai wane ne.

Kwano na biyu yana cin naira miliyan 2 da dubu 200. A nan ana ɗibar kashi 15 cikin 100. Wato a kowace naira 100, a ɗauki 15.

Na uku yana cin miliyan 9, ana ɗibar kashi 18. Na huɗu miliyan 13, kashi 21. Na biyar miliyan 25, kashi 23. Duk abin da ya haura miliyan 50 ya faɗa kwano na shida, a nan kashi 25 ne.

A nan mutane da yawa ke ruɗewa, don haka a saurara da kyau. Za ka ji ma'aikaci yana cewa, in aka ƙara mini girma na shiga matakin kashi 18, ai asara zan yi. A'a, malam. Kashi 18 ɗin ba a kan duk albashinka zai hau ba. A kan abin da ya zuba a kwano na uku kawai zai hau. Kwanonka na farko yana nan ba a taɓa shi ba. Na biyu yana nan a kashi 15. Ƙarin girma ba ya jawo wa mutum komawa baya.

Mu yi misali. Ga malamar firamare. Bayan an cire abubuwan da doka ta yarda a cire, kamar kuɗin fansho, abin da ya rage mata a shekara naira miliyan 1 da dubu 200 ne. A cire 800,000 ta farko. Saura 400,000. Kashi 15 na 400,000 shi ne 60,000. To harajinta ke nan na shekara, naira 60,000. A wata, naira 5,000. In ka auna da duk samunta, naira 5 take biya a kowace 100.

Ga wani jami'i a sakatariyar ƙaramar hukuma, nasa miliyan 3 ne. Ya cika kwano na biyu taf. Harajinsa naira 330,000. Naira 11 ke nan a kowace 100.

Ga kuma babban ɗan kasuwa, ribarsa a shekara miliyan 12. Ya cika kwanuka uku. Na farko babu komai, na biyu 330,000, na uku miliyan 1 da dubu 620. Jimilla miliyan 1 da dubu 950. Ya ɗan haura naira 16 a kowace 100.

Kun ji yadda yake hawa? 5, 11, 16. Samun ɗan kasuwan nan ya ninka na malamar sau 10, amma harajinsa ya ninka nata fiye da sau 30. Da gangan aka tsara shi haka. Dalili kuwa, naira 5,000 a hannun malamar kuɗin cefane ne. A hannun mai miliyan 12, ko kuɗin mai na zuwa Kano da dawowa ta hanyar Gwarzo ba ta kai ba.

Masu ilimin addini a cikinmu za su ce ai mun san irin wannan. Gaskiya ne, zakka ma tana da nisabi, wanda bai kai ba ba a karɓa a hannunsa. Bambancin shi ne, a zakkar hatsi, da an kai nisabi kaso ɗaya ne ga kowa, ɗaya cikin goma ga noman damina, rabin haka ga wanda ya sha wahalar ban ruwa. Kuma zakka ibada ce, biyan haraji ba ya sauke ta.

Wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 a wata, doka ta ɗauke masa wannan haraji. Mai zaman gidan haya kuma yana da rangwame. Ana cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa na shekara kafin a yi masa lissafi, amma rangwamen ba zai wuce naira 500,000 ba. Sai dai fa ba a ba ka sai ka nema, kuma sai da shaidar biyan haya.

Bari in faɗi ra'ayina a kan wannan 800,000 ɗin. In ka raba ta da kwanakin shekara, kusan naira 2,200 ce a rana. Magidanci mai mata da 'ya'ya biyar ya san inda 2,200 ke tsayawa a kasuwa. Matakan tsohuwar dokar harajin kuɗin shiga tun 2011 aka yanka su, aka bar su haka har ƙarshen 2025, farashin kaya na ta tashi su suna nan inda suke. Sai ga ƙaramin ma'aikaci ya wayi gari a matakin da aka tanada don manya. In wannan sabuwar ma aka jingine ta shekara goma ba a waiwaye ta ba, haka za a sake yi.

Jama'a, ga kashi na uku, kuma shi ne zuciyar shirin. Wa ke ɗauke da nauyin?

Mu ƙaddara wata unguwa mai magidanta 100. Misali ne nake bayarwa, ba ƙidayar Dayi ba ce. Mutum 70 ƙananan manoma ne, da 'yan ƙwadago, da masu tireda, kowa samunsa naira 500,000 a shekara. Mutum 20 malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti, kowa miliyan 1 da dubu 200. Mutum 8 suna samun miliyan 3. Mutum 2 kuma manyan 'yan kasuwar hatsi ne, masu loda tirela, kowa miliyan 12.

Mu tara harajin. Mutum 70 ɗin nan, babu ko kwabo. Mutum 20, kowa 60,000, ya zama miliyan 1 da dubu 200. Mutum 8, kowa 330,000, ya zama miliyan 2 da dubu 640. Mutum 2 ɗin ƙarshe, miliyan 3 da dubu 900. Duka-duka miliyan 7 da dubu 740.

To ku duba. Mutum 2 cikin 100 sun biya rabin harajin unguwar. Rabi, har da ɗan ɗori. Alhali a samun unguwar gaba ɗaya, abin da ke hannunsu bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Haka wannan haraji yake a duk ƙasar da yake aiki yadda ya kamata. A Ingila, inda aka fara shi tun 1799 don neman kuɗin yaƙi da Faransa, mutum 1 cikin 100 na masu biya, waɗanda suka fi kowa samu, su ke kawo fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na harajin. A Amurka nasu ya kai wajen kashi 40 cikin 100 na abin da gwamnatin tarayya ke tarawa ta wannan hanya.

A takarda ke nan. Yanzu mu dawo gida mu ga zahiri.

Malamar nan ba ta taɓa ganin naira 5,000 ɗinta ba. Tun kafin albashi ya shigo wayarta an zare. Wannan shi ne tsarin da ma'aikata suka sani da PAYE, ma'ana ka biya tun daga tushe. Ba ta da ta cewa, ba ta da wurin ɓuya. Shi kuwa mai tirela ba shi da takardar albashi. Cinikinsa a baki ne, a waya, a rumfa. Shi doka ta ce ya je da ƙafarsa ya bayyana ribarsa, a yi masa lissafi. In bai je ba fa? In aka zo ya sallami jami'an haraji da ɗan na goro fa?

Mu koma lissafinmu. A cire mutum biyun nan. Abin da aka tara ya faɗo daga miliyan 7 da dubu 740 zuwa miliyan 3 da dubu 840. Rabi ya tafi. Sauran rabin kuma yana wuyan wanda albashinsa ke bi ta hannun gwamnati.

Kada ku ce zato nake. A watan Yunin 2017, Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya bayyana alƙaluman hukuma. Ya ce masu biyan haraji a Nijeriya kusan miliyan 14 ne kacal. A cikinsu kashi 96 cikin 100 ma'aikata ne da ake cire wa daga albashi. Ya kuma ce mutum 214 ne kawai a duk faɗin ƙasar nan ke biyan naira miliyan 20 ko fiye a shekara, kuma dukkansu a Legas suke. Ku ji fa. Duk attajiran Kano, da na Katsina, da na Fatakwal, da na Anacha, babu ko ɗaya a wannan layi. Shekaru sun shuɗe, alƙaluman sun sauya, amma ku tambayi kowane ma'aikaci wa ya fi jin haraji a jikinsa.

Saboda haka, a ganina, gardamar kashi 23 ne ko 25 ba ita ce babba ba. Babbar magana ita ce, sunan wa ke cikin littafin? Doka tana iya cewa babba ya biya da yawa. In babba ba ya cikin littafi, mai matsakaicin albashi ne zai zama babba da ƙarfi da yaji.

Na san wani manomi yana sauraro yana cewa, to ai ni ba ruwana, ina cikin mutum 70 ɗin can. Tsaya, baba, da sauran magana. Ba ka biyan harajin kuɗin shiga, gaskiya ne. Amma ka tuna ranar kasuwa. Ka ɗora buhu biyu na masara a babur. A bakin kasuwa an yanka maka rasit. Ɗan acaɓan ya biya na tasha, kuma a kuɗin da ya caje ka ya fanshe. Ka sayi katin waya, akwai harajin kaya na kashi 7 da rabi a ciki. Ka tura wa ɗanka da ke makaranta a Zariya naira 10,000, an cire naira 50. Wanda ya tura miliyan 10, shi ma naira 50. Irin waɗannan ba sa tambayar nawa ka samu bana. Mai buhu biyu da mai buhu ɗari biyu, a kan kowane buhu kuɗi ɗaya ne, amma zafinsa ba ɗaya ba ne. Harajin En'e da aka soke a 1979, ɗan'uwansa ke nan yana yawo da rasit.

Kuma ba za a yi zancen nan a kudancin Katsina a tsallake abin da kowa ya sani ba. Akwai ƙauyuka a yankin Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara da suka sha tara wa 'yan bindiga kuɗi kafin a bar su su yi shuka ko girbi. Mutumin da ya biya wannan, in ka zo masa da zancen haraji, zai tambaye ka me hukuma ta tsare masa. Tambaya ce mai nauyi, kuma hakkinsa ne ya yi ta. Ga inda ya kamata ya kai ta. Harajin kuɗin shiga na mazaunin jiha, asusun jiharsa yake shiga, ba Abuja ba. Na mutumin Dayi, Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Katsina ke karɓa. Don haka ɗan majalisar jiha mai wakiltar Malumfashi yana cikin waɗanda za a tare da wannan tambaya, lokacin da ake zaman kasafin kuɗi.

Kashi na ƙarshe gajere ne, kuma na manoma ne da 'yan kasuwa.

Abu na farko, a kan riba ake haraji, ba a kan ciniki ba. A sake ji: riba, ba ciniki ba. Ka sayar da masara da waken suya na naira miliyan 2. Wannan ba shi ne samunka ba. Ka cire kuɗin taki. Ka cire na iri, da maganin feshi, da na tarakta ko shanun huɗa, da na 'yan ƙwadago, da buhuna, da kuɗin mota. In duk sun cinye miliyan 1 da dubu 300, ribarka 700,000 ce. Ba ka cika kwanon farko ba. Ba a bin ka komai.

Amma wa zai yarda da kai in babu rubutu? A nan gizo ke saƙa. Doka ta ba jami'an haraji damar su ƙiyasta wa wanda ba shi da lissafi. Su dubi girman shagonka ko yawan buhunanka su yanka maka. Ƙiyasi kuwa yana iya zarce gaskiya. Maganinsa littafi ne na 'yan makaranta, mai fallaye 40. Shafin dama abin da ya shigo, shafin hagu abin da ya fita, da kwanan wata. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. In hannunka bai saba da biro ba, ɗanka ko 'yarka ta rubuta maka bayan sallar isha'i. Rasit ɗin taki kuma a adana shi a leda, kada a ƙunshe ƙosai da shi.

Abu na biyu, jita-jitar da ta karaɗe gari cewa duk kuɗin da ya shiga asusunka na banki za a yanki haraji a kai. Ba haka dokar ta ce ba. Ɗanki da ke aiki a Legas ya turo miki kuɗin magani, inna, wannan kyauta ce, ba samun sana'a ba ne. Kuɗin adashi da aka tara a hannunki, na mutane ne. Bashin da ka karɓa, ba riba ba ce. Amma mai sana'a ya yi wa kansa gata ya raba asusu, na kasuwa daban, na gida daban. Ranar da aka tambaye shi, bayani zai zo masa da sauƙi.

Abu na uku, in za ka biya, ka biya ta hanyar da hukuma ta tsara, ka karɓi shaida mai ɗauke da sunanka. Kuɗin da ka danƙa wa wani a bayan rumfa ba ya zuwa asibitin Malumfashi, kuma baɗi za a sake dawo maka. Mai sana'ar kansa yana da har zuwa 31 ga Maris na kowace shekara ya bayyana abin da ya samu a shekarar da ta wuce. Ma'aikaci kuma ya nemi takardar albashinsa a ofis, ya dubi layin haraji, ya gwada da lissafin da muka yi yau. In ya ga an zarce, ya tambaya, don doka ta tanadi a mayar wa mutum abin da aka cire masa fiye da ƙima.

Lokaci ya cim mana. A shiri na gaba za mu shiga kasuwa, mu bi rasit ɗin da ake yanka wa buhu da dabba, mu ga wanne ne na ƙaramar hukuma, wanne na jiha, wanne ne kuma babu dokar da ta san da shi.